Karatun bayan lisha a zauren Kawu

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Tun da aka rufe lakwal, wato makarantar boko inda nake koyarwa, nake cewa gobe zan fara, sai daren jiya Allah ya nufa. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda yake zaune a Bilbis, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Tawa, yanar ido ta rufe masa gani tun bara, har ta kai ba ya shaida mutum sai ya ji muryarsa, kuma ga wanda ya saba da kasuwa da tasha da doguwar tafiya, zaman zaure daga hantsi zuwa dare ba ƙaramin ɗauri ba ne. Na yi masa alkawarin zan riƙa zuwa bayan sallar lisha ina karanta masa littafi har hutu ya ƙare. Ni kuma na gindaya wa kaina sharaɗi, cewa duk littafin da muka kai ƙarshensa zan rubuta a wannan kaye, littafin rubutuna, abin da ya bar mini a rai, ba abin da na saba faɗa wa ɗalibai don su ci jarrabawa ba.

Littattafan suna cikin kwali ɗaya. Na Hausa duk bugun Nijeriya ne, waɗansu tun ina yaro nake ajiye da su, waɗansu kuma wani direban hanyar Ƙonni ya sayo mini a Sakkwato. Biyu ne kawai na marubutan ƙasarmu, su kuma da Faransanci aka rubuta su, saboda haka sai na riƙa juya su zuwa Hausa da baki. A watan Maris na bana ne aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma da na zaga wurin masu sayar da littattafai a cikin gari, abin da na tarar shi ne littattafan aji da na addini, ban ci karo da ƙagaggen labarin Hausa ko ɗaya wanda aka buga a Nijar ba. Ko a rubutu ma akwai ɗan bambanci: su can suna sa waƙafi a gaban harafin y, mu kuwa ƙa'idar rubutunmu ta 1999 ta ba mu harafin ƴ, kuma da shi zan rubuta wannan kundi.

Kawu bai taɓa shiga lakwal ba. Ya yi karatun allo, yana karanta ajami kafin idon ya tafi, kuma ya yi shekaru masu yawa yana zuwa biɗa, wato cirani, a Abijan.

Laraba, 16 ga Yuli

Mun gama Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cikin dare shida. Na fara da shi ne domin na ɗauke shi littafin yara, abin buɗa baki kafin a kawo tuwo, kuma tun da daɗewa ina da ƙorafi a kansa, cewa zubinsa sako-sako ne: Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma sai a manta da ruwan shafi bayan shafi, ana ta bin ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe daga wannan gari zuwa wancan. Da na karanta shi da murya sai na ga abin da nake kira aibi shi ne ƙarfinsa, domin kowane gari hirar dare ɗaya ce cif, tana da mafari da inda ake dariya da inda ake cewa sai da safe, kuma jimlolin suna ƙarewa daidai inda numfashin mai karatu yake ƙarewa.

Wurin da ya fi kama Kawu shi ne haɗuwarsu ta farko, inda Alhaji, wanda yake cin abinci da malantar ƙarya, ya zana lanƙwasa a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta, shi kuma ya yi ta kawo sunayen haruffa, sai Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne, jama'a suka goyi bayansa suka kori mai ilimin. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa na maimaita, sannan ya lalubi ƙasar da ke bakin tabarma ya zana lanƙwasar da yatsa, ya ce: "Ɗana, na san malami ukku masu irin wanga karatu, kuma duk sun hi ka kuɗɗi." Ni a nan dariyata ta tsaya, domin sai yanzu na lura cewa tauraron da muke tafa wa maƙaryaci ne, wanda aka kora kuwa shi ne ya san harafi. Imam yana da shekara 22 yana koyarwa a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Bature Rupert East ya shirya a 1933, kuma ba na jin malamin makaranta zai rubuta wannan wuri don raha kaɗai.

Ƙarshen littafin, inda aljannu suka shigo aka samo ruwan, har yanzu bai gamsar da ni ba. Kawu ma gyangyaɗi ya yi.

Alhamis, 31 ga Yuli

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar nan ɗaya, ya ɗauke mu kusan mako biyu, ba don tsawo ba, sai don ruwan sama ya hana ni fita dare uku, wuta kuma ta yi ta ɗaukewa har na koma karatu da fitilar waya. A da ina fifita shi a kan Ruwan Bagaja nesa ba kusa ba, ina cewa wannan shi ne littafin manya. Yanzu ra'ayina ya rabu biyu. Shi Umar kansa, idan ana sauraronsa, ba shi da jini a jika: an sace shi yana yaro, an ba da shi ga Balarabe Abdulkarim, an ƙetara da shi hamada, ya yi karatu ya zama shaihi, amma ko sau ɗaya ban ji ya yi fushi ko ya yi wani kuskure irin na ɗan Adam ba, abubuwa ne kawai suke faruwa a kansa yana haƙuri. Wadda take ɗauke da littafin ita ce mahaifiyarsa, wadda ta bar kome ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta.

Daren da muka shiga labarinta ne Inna, matar Kawu, ta jawo kujerarta ta tsuguno ta zauna a ƙofar zaure ta cikin gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Autanta yana Libiya shekara uku ke nan, kuma da na ambaci Murzuk da Tarabulus na ji ta ja numfashi, domin waɗannan ba sunayen littafi ba ne a gidajen Adar, yankinmu na Tawa, garuruwa ne da ake jiran kiran waya daga cikinsu, kuma hanyar da ayari ya bi da raƙuma ita ce yaranmu suke bi ta Agadas a bayan mota. Da na ga inda labarin ya dosa na yi niyyar tsallake wurin da uwar ta rasu jim kaɗan bayan ta ga ɗanta, amma na ga ba ni da wannan hurumi. Na karanta. Inna ta ɗauki kujerarta ta shige ba ta ce uffan ba.

Abin da na sauya ra'ayi a kansa shi ne sanyin muryar marubucin. Yana ba da labarin sarki ya tura hari a kamo mutane kamar yadda ake ba da labarin an tafi gona, kuma a da ina ganin wannan rashin tausayi ne ko tsoron sarakuna. Da na ji shi yana fita daga bakina cikin dare sai na gane sanyin ne yake tayar da tsigar jiki, domin haka abin yake a idon mutanen wancan zamani, ba abin mamaki ba ne. Mu kuma ba mu yi nisan da za mu yi taƙama ba: sai a 2003 dokar ƙasarmu ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata daga yankin Ƙonni wadda aka sayar tana yarinya. Da na faɗa wa Kawu haka ya daɗe bai tanka ba, daga baya ya ce akwai gidajen da ya sani waɗanda ba za a iya karanta wannan littafi a zaurensu ba.

Talata, 12 ga Agusta

Wasan kwaikwayo ya kusa kayar da ni. Na ɗauko Uwar Gulma na Mohammed Sada, na fara karantawa yadda yake a takarda, ina kiran sunan mai magana kafin kowace magana, Hayatu ya ce kaza, Halima ta ce kaza, kafin a yi shafi huɗu Kawu ya ɗaga hannu ya ce: "Tsaya. Wa ka faɗa, wa ka ba shi amsa? Duk murya guda nika ji." Na gwada sirantar da murya a wurin mata, abin ya zama abin kunya gare ni da shi baki ɗaya. A dare na uku na zo da jikokinsa biyu ƴan kwaleji, mace da namiji, na raba musu matsayi, ni na riƙe sauran, littafi ɗaya yana yawo daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin fitila ɗaya. Nan take wasan ya tashi tsaye. Matsala ɗaya da muka samu ita ce yarinyar ta ƙi furta baƙaƙen maganganun faɗan miji da mata a gaban kakanta, sai ta yi ƙasa da murya tana rufe baki da gyale, shi kuwa yana tsokanarta da wasan jika da kaka, yana cewa ta buɗe baki tun yanzu ta koyi yadda za ta yi da shi in ya ƙi ba da kuɗin cefane.

Hukuncina a kan wasan shi ne wa'azinsa ya yi yawa, tun daga farko an san Hayatu mugun miji ne kuma ba a bar masa wata kafa ba, amma faɗan cikin gida da ke cikinsa na gaske ne, wanda ya rubuta shi ya saurari mutane. Kawu ya tuna da wasannin samariya, ƙungiyoyin matasa na zamanin shugaba Kunce, da bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, da ƴan wasa irin su Yazi Dogo a rediyo da talabijin. Waɗannan wasanni da Hausa aka yi su, kuma sun shiga ko'ina, amma yawancinsu ba a rubuta su kalma bayan kalma ba, ƴan wasa suna shirya ƙashin labari ne kowa ya sa masa nama da bakinsa, shi ya sa ba ni da abin da zan sa a kwalina daga cikinsu. Na aika wa wani abokina a Yamai ya nemo mini Tanimoune na André Salifou, wasan da aka gina a kan Sarkin Damagaram Tanimu, har yau shiru.

Laraba, 20 ga Agusta

Mun shiga Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a 1980. Aikin ya ninka: da rana ina karanta babi ina rubuta kalmomin da za su ba ni wahala a gefen kaye, da dare in ba da shi da Hausa littafin yana buɗe a cinyata. Shekara da shekaru ina koyar da sassan wannan littafi da Faransanci, amma ban taɓa lura da abin da na lura da shi a makon nan ba, wato duk inda mutanen Lugu, garin Sarauniya jarumar littafin, suke magana, ko maroƙi yake kirari, ko tsoho yake gargaɗi, maganar tana zubowa cikin Hausa ba tare da na nema ba, kamar baƙon da ya daɗe a wata ƙasa ya dawo gida ya tuɓe takalmi. Inda hafsoshin Faransa suke gardama a tsakaninsu kuwa, a nan nake tuntuɓe, ina kewaye-kewaye. Na fara zargin cewa rabin littafin nan da Hausa aka yi tunaninsa, Faransancin riga ce aka ɗora masa.

Asabar, 30 ga Agusta

Mun gama, kuma wannan ne littafin da muka fi yin gardama a kansa. Ƙashin tarihin sananne ne. Rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan a 1899 tana nufin tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kama mutane su yi mata dako; a watan Afrilu ta yi karo da Sarauniyar Aznan Lugu, masu addinin gargajiya, a ƙasar Arawa, kusa da Dogon Dutsi; a watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba; a ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko daga baya ya tsayar da su, a Dankori, kuma cikin ƴan kwanaki sojojinsu baƙar fata suka juya suka kashe su duka biyu, kaburburansu suna Maijirgi ta wajen Tasawa. Labarin Ƙonni Kawu ya san shi tun yana yaro daga bakin tsofaffi, har ya ƙara mini abin da littafin bai kawo ba. Sarauniya kuwa ya ce shi bai tashi da labarinta ba, sunan ya fara zama masa sananne ne daga rediyo.

Wannan magana tasa ita ce mabuɗin littafin a wurina. Mamani ɗan jam'iyyar adawa ta Sawaba ne, ya ɗanɗana gudun hijira ya kuma ɗanɗana kurkuku, kuma mutum irinsa yana bukatar wanda ya ƙi durƙusawa, sai ya samu ɗan abin da baka ta adana game da Sarauniya Mangu ya gina jaruma a kai, ya ba ta ƙuruciya irin ta almara, tsoho Dawa yana renonta da nonon goɗiya yana koya mata sirrin itatuwa da na yaƙi. Sarautar Sarauniya tana nan a Lugu har gobe, amma sarauta ce ta tsafi da keɓewa, ba ta hawan doki da baka da kwari ba. Ban ga laifin marubuci a nan ba, aikinsa ke nan, sai dai ina ganin ya kamata mu malamai mu daina ba yara littafin kamar shi ne tarihin. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1987, ya ƙara kafa wannan siffa a idon duniya, shi kuwa Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993 a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai.

Inda Kawu ya tsaya ya ƙi motsi shi ne yadda aka nuna sarakuna da malaman Musulmi, a matsayin waɗanda ƙiyayyar Azna ta rufe musu ido har suka kasa ganin wutar da ta taso. Ya ce: "To Ƙonni da anka ƙone, arna na ciki?" Na ce masa: "Kawu, ku yi haƙuri, ai shi ma ya kawo ta'asar da aka yi wa Musulmi, abin da yake nufi shi ne rarrabuwar kai ce ta ci mu." Bai karɓa ba, ni ma da na dawo gida na sake dubawa na ga yana da ƙamshin gaskiya, domin marubucin ya fi yi wa ɓangare ɗaya adalci. A wurina dai shafukan da suka fi ƙarfi ba na jarumar ba ne, na rundunar ne, yadda take ruɓewa a hankali tana tafe, ƙishirwa da ganima da tsoro suna cin ta daga ciki, har waɗanda aka ba bindiga su kashe ƴan uwansu suka waiwayo da ita.

Asabar, 6 ga Satumba

Makon Mauludi ne, gari ya cika da yabo, sai na ga lokacin waƙa ya yi. Na daɗe ina jinkirin ɗauko Imfiraji ta Aliyu Namangi, domin makaho ne ya yi ta, mutumin Zariya, kuma makafi masu bara ne suka yaɗa ta a ƙasar Hausa, ina tsoron kada Kawu ya ga kamar da gangan na zaɓo masa. Tsorona ya tashi a banza. Na fara karanta baiti na farko a miƙe, yadda ake karanta jarida, ban kai ƙarshen ɗango na uku ba ya katse ni ya ce ba haka ake yi mata ba, sai ya gyara zama ya rera ta da karinta, ya wuce inda nake ya ci gaba baiti bayan baiti, ni ina bin sa da yatsa a takarda. Ya ce a tashoshin mota ya hardace ta, daga bakin makafi, tun yana saurayi yana ba su dala yana wucewa. A wurare biyu lafazinsa ya saɓa da na littafi, kuma a ɗaya daga ciki nasa ya fi zama daidai a kan kari.

Wannan dare ya rushe mini wani abu da na daɗe ina riƙe da shi, wato cewa rubutacciyar waƙa ta ido ce, ta baka ita ce ta kunne. Baitocin nan masu ɗango biyar, da amsa-amon da yake komowa a ƙarshen kowane baiti, an gina su ne don wanda ba ya gani ya san inda yake, kamar igiyar da ake ɗaura wa makaho daga ɗaki zuwa bakin ƙofa. A takarda na sha ganin waƙar tana maimaita kanta, tana komawa kan mutuwa da ruɗin duniya da yabon Annabi ba ta gajiya. A bakin Kawu maimaicin bai dame ni ba ko kaɗan. Sunan waƙar daga Larabci yake, yana nufin yayewar ƙunci, kuma ban tambaye shi abin da yake ji ba sa'ad da yake rerawa, shi ma bai faɗa ba, sai dai shayin da aka dafa mana ya huce ba wanda ya taɓa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyar, ban je ba. A kwance na karanta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur ni kaɗai. Ita kam tana son a tsaya a koma baya, kalmominta a cushe suke, gargaɗinta ga sarakuna yana da kaifi, amma tana bukatar a san siyasar Nijeriya ta gabanin ƴancin kai, ban ga yadda zan kai ta zaure ba tare da na mayar da hira darasi ba. Na ajiye ta gefe.

Asabar, 27 ga Satumba

Da gangan na bar Abboki ou l'appel de la côte zuwa yanzu, domin shi ne na gida: Mahamadou Halilou Sabbo haifaffen Tawa ne, littafin ya fito a 1978, kuma a kan tafiyar samarinmu zuwa bakin teku yake magana, abin da a nan muke kira biɗa. Sunan ma daga can ya samo asali, domin aboki shi ne abin da mutanen kurmi suke kiran duk wanda ya gangaro daga arewa, kuma wanda aka taɓa kira da shi ya san ba kullum yake nufin abota ba. Na zaci Kawu zai ji daɗi ya ga an sa rayuwarsa a littafi. Dare biyu na farko haka ne, yana gyaɗa kai a wurin wahalar hanya da masu tare mota suna karɓe ɗan guzurin talaka, har yana riga ni faɗar abin da zai biyo baya.

Daga nan sai ya fara yin shiru, a dare na biyar kuma ya tambaye ni sana'ar mai littafin. Na ce malamin lakwal ne kafin ya riƙe manyan muƙamai. Ya ce: "Na sani. Mai albashi shi ka hana mutane tahiya." Sannan ya buga tafin hannunsa a bangon zauren ya ce wannan bango, da rufin kwanon da ke kanmu, da sadakin Inna, da kuɗin kayen da uwata ta saya mini ina aji ɗaya, duk daga Tireshbil da Ajame, unguwannin Abijan, suka fito, a kansa ya ɗauko su yana tallan kaya, kuma shekarun da gero ya ƙi a Adar, irin su 1973 da 1984, ba wa'azin zama gida ne ya ciyar da kowa ba. Ya ce abin da littafin ya faɗa na lalacewar waɗansu gaskiya ne, ya ga waɗanda giya da caca suka cinye, ya kuma yi wa waɗansu sutura a can, amma wanda ya ƙirga waɗanda suka faɗa rijiya kaɗai bai ba da labarin masu ɗiban ruwa ba.

Na koyar da wannan littafi sau da yawa, kuma kullum ina rubuta wa yara a allo cewa jigonsa illar barin ƙauye, su kwafe, alhali fiye da rabinsu da kuɗin biɗa aka saya musu bik ɗin, wato alƙalamin, da suke kwafewa da shi. Har yanzu ina ganin littafin yana da daraja, ya riga kowa rubuta hanyar nan daga cikinta, kuma harshensa mai sauƙi ne, ya fi na Mamani saurin komawa Hausa. Amma littafin gargaɗi ne, an san amsar kafin a yi tambayar, kuma ban taɓa jin haka a jikina ba sai da na karanta shi a gaban wanda aka yi gargaɗin dominsa. Na roƙi Kawu ya ba ni nasa labarin in rubuta, ko da shafi goma ne. Ya ƙi. Ya ce abin da aka gani a kurmi a kurmi ake barinsa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Komawa aji ta matso, kuma daga cikin littattafai goma da na ware bakwai muka taɓa. Yanzu muna tsakiyar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda na ɗauko da ɗan raini irin na malami ga littattafan kasuwar Kano, kuma shi ne ya cika zauren fiye da kowanne. Inna ta daina tsayawa a bakin ƙofa, ta shigo da tabarmarta, maƙwabta mata biyu sun biyo ta, har Kawu yana ƙorafin an ci masa gari da yaƙi. Labarin Rabi ne, uwar ƴaƴa tara, wadda Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Rubutun ba shi da kwalliyar Imam, wani wuri ma gaggawa ta bayyana a cikinsa, amma marubuciyar ta san kuɗin cefane, ta san abin da ake faɗa a tsakar gida idan maigida ya fita, kuma ba a taɓa katse ni da gyara da ƙarin bayani kamar a wannan littafi ba, kowace tana da wata Rabi da ta sani.

Ni na san ƙarshensa, na san dukiyar Alhaji Abdu za ta ƙone kuma za a matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyin wanda ya wulaƙanta ta, kuma tun karatuna na farko ban yanke ba ko marubuciyar ta yarda da wannan komawa ne ko kuwa ta ajiye ta ne a gabanmu don ta ƙona mana rai. Jiya Inna ta tare ni a soro ta ce in gaya mata gaskiya ko Rabi za ta koma. Na ce: "Inna, ku bari mu kai wurin." Ta ce in dai komawa za ta yi, ranar in aiko a faɗa mata tun da la'asar, ita ba za ta fito ba. Kawu kuwa an ba shi ranar Laraba ta makon jibi ya je a duba ko za a iya yi wa idon dama aiki, saboda haka mun shirya za mu ƙara dare ɗaya a mako mu gama kafin nan. Saura babi huɗu.